Kalma Ɗaya Ta Rage Masa

Talata, goma saura kwata,
hazon teku bai gama sauka daga tuddan Valparaíso ba,
Baldomero ya shigo yana jan ƙafar dama
kamar mai jan taru a kan jiƙaƙƙen yashi.

Shekara arba'in yana tallar kifi a Caleta Portales.
An ce in ya ɗaga murya da asuba
har tsuntsaye sai sun watse daga kan kwale-kwale.
Sai daren wata Lahadi jini ya toshe a ka,
ya yashe masa kalmomi kamar ɓarawon da ya san gida,
ya bar guda ɗaya tak a bakin ƙofa:
reineta, sunan wani kifi.
Da ita yake gaisuwa,
da ita yake zagi.

Matarsa Eduvigis ta riga shi buɗe baki:
"Na sama ne, ɓangaren dama. Ni na san abina."
Likita Fuenzalida har ta ɗora biro a takarda.
Ni da ke jera ƙarafuna a faranti
na ga idonsa ya kaɗa, ya faɗi ƙasa.
Labarin zuciya, a tambayi fuska.

Na kashe rediyo.
Na sauke ƙyallen da ke rufe bakina don ya ga leɓɓana,
na jawo kujera ta hagunsa, inda idonsa ya fi kamawa,
na ɗora masa allon da na zana da hannuna:
baki a wangame, haƙora talatin da biyu,
kofin shayi mai tururi, ƙanƙara, wata da taurari,
a ƙasa kore ɗaya, ja ɗaya.

"A sama yake ciwo?"
Kansa ya ce e,
yatsansa ya tafi kan ja.
Harshe da haƙori ma sukan saɓa,
balle kai da hannu bayan irin wannan girgiza.
Na ƙirga goma a raina, ban cike masa shirun ba.
Na juya tambayar:
"A ƙasa yake?"
Kore. Ya danna har farcensa ya yi fari.

Yatsan ya bi zanen a hankali,
ya wuce fiƙa, ya tsaya, ya koma baya, ya sake tafiya,
ya sauka kan turmi na ƙarshe a hagu.
Ya taɓa ƙanƙara. Ya taɓa wata, sau uku.
Kwana uku ke nan, ko mako uku?
Ban gane ba. Na gaya masa ban gane ba.
Ya yi dariya da rabin fuska.

Muka yi yarjejeniya kafin a kwantar da kujera:
hannun hagu in ya tashi, komai ya tsaya.
Sau biyu ya ɗaga.
Na farko, ruwa ne ya taru masa a maƙogwaro.
Na biyu, ina jin gwada mu kawai yake,
ya ga ko alkawarinmu na da nauyi.
Injin ya yi tsit.

Tsakanin haƙori da haƙuri wasali ɗaya ne,
mun ci minti ashirin da biyar na mai bi masa,
yana can waje yana buga ƙafa, yana duban agogo.

Eduvigis ba ta ce komai ba sai wajen biyan kuɗi.
Tana laluben jaka, ba ta dube ni ba:
"Wata tara ina magana a madadinsa,
ban taɓa tambayarsa abu sau biyu ba."
Na naɗe allon na tura mata cikin jakar.
Zan zana wani, dama ƙanƙarar ta fi kama da sabulu.

A bakin ƙofa ya juyo, auduga cike da kunci,
ya ce reineta,
can ƙasa, da jan wasalin tsakiya.
Na yi ta juya ta har motar haya ta hau tudu da ni.
Godiya ce, ko cewa yake allurar ta yi zafi?
Ranar Juma'a zai dawo.
Zan tambaye shi, sau biyu.